Koren Allon da Ya Daina Motsi

Ko zan manta da komai na zamanmu a Nassarawa GRA, ba zan manta da safiyar Larabar da na buɗe baki a ofishin da ba don magana aka ɗauke ni ba.

Lokacin maigidana yana gadi a wani gida da aka mayar ofishin masu kwamfuta. An ba mu ɗaki ɗaya a baya, ni kuma ina yi musu shara da goge-goge, ɗana mai wata biyar a bayana. Ranar da muka taso daga Kaura Goje maigidana ya ja min kunne: "Ki share ki fito. Ban da taɓawa, ban da tankawa. Bakinki kaɗai ya isa ya raba mu da ɗakin nan."

A falon akwai wata ƙatuwar talabijin da ba a kallon fim a cikinta, sai akwatuna da layuka. Wata injiniya, mace ɗaya tilo a cikinsu, ita ta taɓa yi min bayani ina goge mata tebur. Ta ce asibitocin ƙauye ne ke turo bayanan marasa lafiya ta waya, kuma kowane bayani sai ya dace da tsarinsa kafin a karɓa, kamar yadda tela ke ajiye awon kowa a littafi. To su na'urar da ke riƙe da littafin awon suke tsaro. Allon ke nuna ko tana amsawa da sauri ko ta fara nauyi. Kore lafiya, ruwan ɗorawa a kula, ja a tashi tsaye, har wayar mai ofishin ta yi ƙara.

Ni a aji huɗu karatuna ya tsaya, amma Allah Ya ba ni ido. Kullum layin sama yana tafiya a hankali kamar jerin tururuwa, ya hau ya sauka. Ranar Litinin na ga ya yi tudu kamar tozon sa a gefen dama. Talata tozon yana nan inda na bar shi. Laraba ma haka. Ɗan agogon da ke kusurwar allon kuma yana ta nuna huɗu da minti goma sha biyu, alhali hantsi ne.

Ku fahimce ni, ni mace ce mai fargaba. In yaro yana kuka, hankalina a kwance yake. In barcinsa ya yi shiru da yawa kuwa, sai na kai yatsa hancinsa, wani lokaci har in ɗan taɓa shi ya motsa. To shirun allon nan haka ya tsaya min a rai.

A ranar, Alhaji mai ofishin yana jiran baƙi, waɗanda suka ba shi aikin. Ya sha shadda, yana tsaye gaban allon kamar shi ya haife shi.

"Tun Lahadi ko ja ɗaya babu," in ji shi. "Wayata ma ta huta da ƙara. Haka ake aiki."

Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri. Abin nan fa ba ya motsi."

Ma'aikatan suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Maman yaro, ko ke za ki goya mana shi?"

Alhaji bai yi dariya ba. "Me kika taɓa?"

"Wallahi ban taɓa komai ba, Alhaji."

"A kira min maigadi."

Maigidana ya shigo ya durƙusa, ko kallona bai yi ba. Ni kuwa a raina har na fara ɗaure kayanmu, ina tunanin wa zai karɓe mu da jariri.

Injiniya ce kaɗai ta dubi agogon da nake nunawa da tsintsiya. Ta jawo kwamfutarta ta yi ta dannawa, can ta ce, "Alhaji, a dakata tukuna. Abin da ke leƙa na'urar duk minti ɗaya, shi ne ya tsaya tun Lahadi da la'asar. Amsar ƙarshe allon ke ta nuna mana."

Tana tayar da shi, allon ya koma ja kamar an baza tattasai. Ashe ma'ajiyar na'urar ta cika, ta daina amsawa, bayanan asibitoci sun yi layi a hanya kwana uku, 'yan ofis kuma suna nan suna yaba kore. Ba wanda ya ƙara tunawa da mu, sai maigidana ya lallaɓa ya koma bakin ƙofa.

Kafin azahar suka gyara. Da baƙi suka iso ni na kai lemo, da kunnena na ji Alhaji yana cewa ma'aikatansa idonsu a buɗe yake, har sun ƙirƙiro dabarar da za ta yi ƙara in allon ya yi minti biyar bai motsa ba. Ya kira ta da wani dogon suna na Turanci, baƙi suka gyaɗa kai.

Ɗaki dai bai suɓuce mana ba. Ladana shi ne sabuwar doka: kada in ƙara shara kusa da talabijin. Amma har muka bar gidan, duk safiya Injiniya sai ta rage murya ta ce, "Maman yaro, yau yana motsi?"

Abin da na koya shi ne, rashin jin ƙara ba ya nufin lafiya. Wani lokacin mai kawo labarin ne ya kwanta, kuma shi ba wanda ke leƙa shi.