Taɓaryata da ta je Nijar

Matso kusa, 'yar uwa, ki ji yadda taɓaryata ta riga ni ganin duniya.

Maigidana na da tsohuwar gingimari, yana ɗaukar 'yan kasuwa da albasarsu daga Sabon Birni zuwa Isa, wani lokaci har Nijar. Wata safiya ya murɗa makulli, mota ta ce ƙas, ta yi shiru. Ya shigo ina tsakar daka.

"Ke, ara mani taɓaryar nan. Bakanike ya ce in sitata, abin tada mota, ta ƙi, a ɗan doke ta."

Taɓaryar uwata ce, Allah jiƙanta, da ita anka kawo ni gidan. Na fita na zura ta ƙarƙashin mota, na daka inda ya nuna, shi kuma yana murɗawa. Mota ta tashi. Kafin in ce mi, ya jefa taɓarya gaba, sun tafi.

Tun ranar na koma aro. Maƙwabciyata in ta hango ni sai ta ce, "Taku ba ta dawo daga fatauci ba?" 'Yan kasuwa kuwa sun sa wa taɓarya suna Hajiya, kujerar gaba take zama.

To ni ban yi boko ba, amma kunne gare ni. Rannan mota ta kwana gida, da safe ina dakan sitata na kuskure, na daki akwatin batir, sai mota ta tashi da sauri fiye da kullum. Na buɗe akwatin. Kawunan batir sun yi farin gari da kore kamar tuwon da ya kwana uku, babbar wayar kuma ta cinye, 'yan zaruruwa ke riƙe da ita. Ashe duk dakan da muke yi, wayar ce kawai muke girgizawa.

Na wanke kawunan da ruwan zafi da kanwa. Na ce, "Malam, sitatarka lafiyarta lau, banza take shan duka. Sauya waya ka ba ni abina."

Ya sauya a Isa, anka ɗaure tamau. Washegari a ƙofar gida, murɗa ɗaya, ta tashi. Na rungumo taɓaryata za ni ciki, sai wani dattijo mai albasa daga Kamarawa ya fara sauke buhunansa.

"Uwar ɗaki, ina za ki da Hajiya? Wallahi ba ni ƙetare iyaka babu ita."

Sauran ma sunka kama saukewa. Maigida ya dube ni kamar akuyar da ruwa ya doka. Na miƙa taɓarya.

Har yau sai sun daki sitata sau uku kafin a murɗa makulli, ta loɓa kamar tsohuwar tasa. Makon jiya Hajiya ta dawo da ɗan kyalle ɗaure a wuya, wai tsaraba. Ni kuwa ko Turba da ke nan kusa ban taɓa wucewa ba, kuma ba ni son barin ɗakina.

In ke ce, sabuwa za ki saya, ko za ki roƙi taɓaryarki ta tafi da ke?