Baban Sanyi da Ƙanƙarar da Ta Narke

Ƙanƙarar ta narke ranar Asabar da azahar, don wani ya cire wayar ƙararrawar ɗakin sanyi, wai tana damun masu taro a bene.

Ba ƙanƙarar sanyaya lemo ba ce. Sanduna ne da aka haƙo daga ƙarshen duniya, inda ƙanƙara ta yi dubban shekaru tana hawa kan juna, aka kawo jami'a aka jera a kan kantoci. Shekara ashirin da shida makanikin da ake kira Baban Sanyi yana kula da injin ɗakin. Kullum da safe, kafin ya gaisa da kowa, sai ya kafa sukundireba a jikin injin, ya kara kunne ya ji lafiyarsa.

Malamar da ke binciken ƙanƙarar ta taɓa yi masa bayani: duniya a karkace take zagaya rana, in ta ƙara karkata sai hasken rana ya ƙara dukan ƙarshenta, ƙanƙara ta narke, teku ta cika. Labarin duk yana cikin sandunan nan.

"Ashe ita ma rawa take kamar fankar ofishinki," in ji shi. "Malama, wa ke ɗaure mata noti?"

"Sai dai kai, Baba."

Ranar Asabar ɗin nan ba shi da aiki, leƙowa kawai ya yi, ya tarar injin ya mutu, ruwa har bakin ƙofa. Ya kira Malama tana hanya, tana kuka: "Na kantar ƙasa, Baba! Su ne tsofaffin!"

Ya shiga kwasa yana kaiwa wani ƙaramin ɗakin daskarewa da injinsa ke aiki. Safar hannunsa ta jiƙe, tana daskarewa a fatarsa duk shigar da ya yi. Mai gadi ya ce, "Baba, ruwa ne fa!"

"Ya girmi kakan kakanka. Riƙe ƙofa!"

Cikin sanduna ɗari uku, arba'in suka tsira. Sauran an share su da tsumma. An kafa kwamiti, ba a gano wanda ya cire wayar ba, rahoton ma bai ambaci Baba ba.

Kai ne kunnen injin, Baba. Mu abokan aikinka mun gode, Allah Ya biya ka. Ku kuma da kuka rage a bakin aiki, ku riƙa leƙa amanarku ko ba ranar aiki ba, ko da yake ban ga mai niyya ba.

Jiya aka sallami Baba daga aiki. Likita ya yanke masa yatsu uku da sanyi ya kashe a hannun dama, yanzu matarsa ke ɓalla masa maɓallin riga.