Kwalbar da Ladan Ya Roƙa

Amfilifayar masallacin unguwarmu a Dogo Nini, na'urar da ke ƙara wa lasifika sauti, ta girme ni. Irin ta dā ce, mai kwalabe shida a ciki da ke yin ja idan sun ɗau zafi. Wani dillalin shanu ne ya taho da ita daga Legas, kuma a iya sanina duk Potiskum ni kaɗai na rage mai taɓa irinta.

Ladaninmu abokin mahaifina ne, tun ina rarrafe yake kiran salla. Da muryarsa ta fara rawa, sai aka soma ƙus-ƙus ɗin a sauya shi. Shi kuwa ya kafe cewa na'ura ce ke gurnani, kuma wai mai gyaranta bai iya aiki ba. Maganar ta iso ni har shago, ta tsaya mini a rai. Ni a zage ni ma ya fi mini sauƙi da a taɓa mini sana'a.

Gaskiyarsa, tana gurnani. Na buɗe ta, na kunna, na jira ta yi zafi, sannan na bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasawa da gindin biro. Lafiyayya shiru take yi. Ina taɓa ta huɗu, lasifika ta yi ƙara kamar an yar da kwano. Na zare ta da tsumma, na sa wata da na ciro daga wani mataccen rediyo. Gurnani ya ɗauke ɗif.

Da a nan na tsaya, da aikina kawai na yi. Amma sai na jira aka sallame la'asar, kafin jama'a su watse na ce a gwada. Na miƙa wa wani tela mai zaƙin murya makirufo, ya yi kabbara, ta fita tas. Sannan na juya ga tsohon.

"Baba, bismilla."

Dā gurnanin ke rufa masa asiri. Yanzu ba abin da na'urar ta rage: rawar muryar, yankewar numfashin, har tarin da ya so ya haɗiye, duk ta kai su bakin titi.

Na ce, "Na'ura dai ta warke, Baba. Maƙogwaro ne ba na gyarawa."

Aka bushe da dariya. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Washegari da hantsi tsohon ya zo shago, ya zauna a benci, ya daɗe yana jan gaisuwa.

"Ɗana, tsohuwar kwalbar nan tana nan?"

"Tana nan."

"Don Allah ka mayar mini da ita. Zuwa bayan azumi kawai, sai in sauka da kaina."

Na ɗauko ta daga gwangwani, na ɗaga ta ya gani da kyau.

"Ba na mayar da ruɓaɓɓen kaya, Baba, kada a ce ban iya aiki ba."

Na sake ta a kan siminti, ta fashe. Ya janye ƙafarsa daga ɓaraguzan, ya lalubi takalmansa.

Ranar Juma'a aka ba telan ladanci. Tsohon ya ƙara shekara huɗu a duniya, gidansa na jikin masallaci. Shi da ke riga kowa zuwa, bai sake fitowa ba sai an gama kira, ya tsaya a sahun ƙarshe.