Tayoyin da Suka Kai Malam Sule Gida

Ban taɓa mantawa da safiyar da Malam Sule ya rasu ba. Shi ne foman na garejinmu a Kankara, wato shugaban kanikawa da direbobi, ni kuma direba ne a ƙarƙashinsa. A hannunsa na koyi riƙe sifana. Lokacin kuɗin fetur ya buɗe, ana ta turo mana sababbin kaya, wasu ma ba mu san amfaninsu ba.

Cikin marka ne. Bayan asuba ɗansa Lawal ya zo ya ce Malam ya cika, kuma ya bar wasiyya a rufe shi kusa da mahaifiyarsa, a ƙauyensu gaba da Sabuwa. Aka ba ni jif, aka ce ni zan kai shi, jana'iza bayan la'asar. Tayoyin jif ɗin duk sun suɗe. Hanyar kuwa kwalta ce har Mairuwa, daga baya sai laka zalla.

Na je sito. Alhaji Mamman sitokifa, abokin Malam tun ƙuruciya, ya riga ya mirgino sababbin tayoyi masu faɗi, idanunsa jajur.

Na wuce su na jawo waɗansu sirara masu manyan haƙora, da aka cire wa wata tsohuwar mota.

"Haba Isuhu! Da tsofaffin tayoyin kwance za ka kai shi? Mi mutane za su ce?"

"Alhaji, masu faɗin nan na rairayi ne. A laka zamewa suke. Siririya ita ke yanka taɓo ta taka ƙasa mai ƙarfi."

Ya dubi sababbin tayoyin. Can ya ce, "Ni dai so na yi in yi mashi wani abu." Na ce to ya kama mini mu zaɓa. Ya tuɓe babbar riga. Muka jera su, muka ware huɗu masu tsayi ɗaya da zurfin haƙora ɗaya, muka laluba gefensu ko akwai tsaga.

Saura daidaitawa. Taya mai manyan haƙora ba ta cika zuwa da nauyi ɗaya ko'ina ba, in ta hau kwalta sai mota ta yi ta karkarwa. Ba mu da injin daidaita taya. Na kankare busasshiyar lakar cikin kowane wili, na ɗaga gaba da jak, na sassauta birki. In na juya taya, inda ya sauka ƙasa shi ne mai nauyi. Alhaji ya sa alli, ni in maƙala dalma a ɗaya gefen, mu sake juyawa har ta riƙa tsayawa ko'ina.

Muna kan ta ƙarshe Lawal ya dawo. "Baba Isuhu, an gama sutura. Ka ɗaura ta haka nan mana!"

Na ce, "Lawal, babanka zai kwanta a bayan motar nan. Ba zan bari ta girgiza shi ba."

Ya durƙusa ya riƙe mini sifana.

A kwalta sitiyari bai motsa a hannuna ba. Bayan mun shiga laka, a wata fadama motar ta nutse har gindi. Na sa ƙaramar giya, ban taka mai da ƙarfi ba. Ta yi gurnani, ta ciji ƙasa, ta fita. Masu rakiyar gawa da ke baya suna ta salati. Mun tarar an gama haƙa kabari, ana jiranmu a sahu.

Ku da kuke aikin nan yanzu, abin da na koya ke nan. Mutanenmu in suna son mutum, sabon abu suke miƙa masa, kuma suna son a yi sauri. Duka biyu ƙauna ce, kada ku raina ta. Amma ku ne kuka san hanya, ku ne za ku tsaya ku ce a'a, ko da kuna kuka. Allah Ya jiƙan Malam Sule.