Allon da Ba Ta Buƙata

A wani ofishin masu rubuta manhaja a Amman, babban birnin Jordan, Ghassan mai raba wa ma'aikata kwamfuta yana tsaye da kofin shayinsa, yana kallon sabuwar ma'aikaciya. Ko sunanta bai riƙe ba. Siririya ce, makauniya, farar sandarta a naɗe kusa da jakarta. Tun safe ake ƙus-ƙus wai ba za ta kai mako ba.

Ita ko a jikinta. Abin sauraro na kunnenta, yatsunta na gudu a kan madannai, tana girka manhajojin aikinta a kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Muryar da ke karanta mata rubutu tana zuba da saurin da Ghassan ba ya tsintar ko kalma. Allah kaɗai ya san shekarun da ta yi tana horar da kunnen nan.

"'Yata, in turo mai taya ki? Sababbi kan kwashe kwana biyu kafin su gama shirya kwamfutarsu."

"Ai na gama, Baffa. Takardar umarninku ma da kuskure a mataki na bakwai, na gyara. Ɗauke allon nan ka ba mabuƙata."

Ghassan ya rungumi allon kwamfutar, ya ratsa ta tsakiyar masu ƙus-ƙus a hankali, don kowa ya gani.