Daminar da Na Shuka Rabin Filin Ƙwallo

Bana shekara talatin ke nan da rasuwar yayana Garba. Waɗanda muka kai shi makwancinsa tare duk sun bi shi, ni kaɗai na rage. Ban yi boko ba, doguwar magana ma ba ta cikin halina. Amma kwanakin nan na kasa zama wuri ɗaya. In na zauna a zaure sai in ji kamar ana jira na a waje, in na fita ba kowa. Shi ya sa na ce gara in faɗi abin da na sani game da shi tun ina da bakin faɗa.

Waɗanda suka san shi a ƙarshen rayuwarsa sun san wani mutum mai lanƙwasasshen baya da ke sayar da itace a bakin hanya. Ni na san shi tun bayansa na miƙe.

Kafin a ba da mulkin kai, Gyaɗi-Gyaɗi ƙauye ce a bayan ganuwa. Daga ƙofar gidanmu kana hango rumbunan Tarauni, babu komai a tsakani sai gonaki da ɗorawa da kuka. Mahaifinmu ya rasu ya bar mana gona ɗaya, ni da Yaya, shimfiɗaɗɗiya, ba tudu ba kwari. Ba mu raba ta ba. Tare muke nomawa, rumbu ɗaya muke zubawa. Daga ciki Inna take ci, da iyalin Yaya, da ni da matata.

Shimfiɗuwar nan ce ta jawo mana. Samarin Gyaɗi-Gyaɗi da na Tarauni suka haɗa ƙungiyar ƙwallo, kuma duk kewayen babu wuri kamar gonarmu. Da an girbe dawa an kwashe kara, sai su zo su tuge tushiya, su kafa azara biyu a gabas biyu a yamma, su yi ta bugu har ruwa ya sauko. Wannan bai dame ni ba, gona da rani ba ta da aiki. Yaya bai taɓa buga ƙwallo ba, ƙafarsa ba ta iya ba, amma babu mai goyon bayan ƙungiyar kamarsa. Shi ke ɗaukar tulun ruwa, shi ke rakiya duk inda za su, muryarsa ake fara ji ita ake ƙare ji.

A lokacin ba koci ake cewa ba, manaja ake cewa. Shi ke horar da yara, shi ke faɗin wanda zai shiga da wanda zai zauna, shi ke nemo musu wasa. Wata bazara manajansu ya tafi haƙar kuza Jos, bai ce ga ranar dawowa ba. Sai aka shiga neman wanda zai gaje shi. Ba 'yan wasa ke zaɓe ba, masu goyon baya ke yi, tunda su ke ɗinka riguna, su ke kai wanda ya karye wurin mai ɗori.

Mutum biyu aka sa a gaba. Na farko Tanko Dogo, ɗan unguwarmu, tsohon kyaftin, abokin Yaya tun suna kiwo. Kowa na son Tanko. Aibinsa ɗaya, ba ya iya ce wa mutum zauna. Na biyu Kofur Audu, mutumin Tarauni, tsohon soja, a bariki ya koyi ƙwallo. Shi kuma ya zo da sharaɗi. Ya ce zai sa ƙungiyar a gasar da ƙungiyoyin cikin gari ke yi, gasar kuwa da damina ake buga ta, don haka yana bukatar fili damina da rani. In babu fili, babu shi.

Kowa ya gane. Wanda ya ce Kofur, ya ce kada a shuka gonarmu.

A gindin tsamiyar da Sale mahauci ke rataye nama ake taruwa bayan la'asar. Ni ba na zuwa taron ƙwallo, amma wannan na je, na tsaya daga baya. Mutanen Tarauni suna cewa Tanko ko akuya ce ta nemi shiga wasa zai ba ta riga. Namu suna cewa Kofur ya manto dariyarsa a yaƙi, zai mayar da yaran mutane masu fareti. Wani ya ce Tanko ya san sunan uwar kowane yaro. Aka ce masa ai sunan uwa ba ya hana a zura ƙwallo. Sale yana kora ƙuda yana zuga kowane ɓangare, amma an san yana tare da Tanko.

Kowa ya ɗauka Yaya ma Tanko zai ce. Abokinsa ne, ga gona ta tsira. Sai ya miƙe ya ce Kofur.

Sale ya ajiye wuƙa. Ya ce, "Garba, ka ji abin da bakinka ya faɗa kuwa? Gonarku ce fa."

Yaya ya ce ya ji.

"To, me yaranka za su ci?"

"Tanko abokina ne," in ji Yaya, "amma da shi nan za mu tsufa muna buga wa junanmu. Yaran nan sun fi ƙarfin bayan gari."

Daga inda nake na ce rabin gonar tawa ce. Wani dattijo ya ce a bar maganar sai an sake zama, aka watse.

A gida na sake faɗa masa. Ya ce damina ɗaya ce kawai, kuma masu goyon baya ba za su bar mu da yunwa ba. Na ce ya nuna mini ɗaya a cikinsu da ya taɓa shigo mana da tsaba. Inna ta ce kada a kawo mata zancen tamaula tsakar gida, ita abin da ta sani hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Yanzu a kan layinmu akwai mai shayi. Duk safiya samari suna can suna ɗaga murya a kan wanda ya kamata a ɗauka koci a wata ƙungiya ta Turai. Sun san shekarunsa, sun san inda aka kore shi, har kama kwalar juna suke yi. In sun gama kowa ya kama gabansa, babu abin da ya ragu a gidan kowa. Nakan tsaya in ce da Yaya yana nan me zai ce. Na so in ce zai raina su, amma ƙarya ne. Da zai ja benci ya zauna, kuma da muryarsa ta danne tasu. Abin da zai dame shi ɗaya ne, da zai tambaya ina yaran unguwa suke bugawa, a nuna masa lungu tsakanin shago da kwata.

Aka yi ta zama ana tashi ba a yanke ba. Mutanen Tarauni ba sa so su ce a hana mu shuka da bakinsu, namu ba sa so su ce Garba ya yi kuskure a gabansa. Kowa yana jiran wani ya ɗauki nauyin. Hadari kuwa kullum sai ya taso ya baje. Maƙwabta sun gyara gonakinsu, sun fito da iri. Ni ina zagaye gida, in duba sama, in duba sungumi. Aka yi yayyafi bai jiƙa ƙasa ba. Sannan wata rana ruwa ya sauko sosai, irin wanda manomi ba ya barin washegarinsa ta wuce.

Da na idar da asuba na ɗauki sungumi, matata ta ɗauki ƙwaryar iri. Na tsaya a tsakiyar fili, inda suke ajiye ƙwallo in za a fara wasa, na ja layi daga kudu zuwa arewa. Na tuge azara biyun gabas na kwantar a ɓangaren yamma. Ina sara tana zuba iri tana rufewa da diddige. Kafin rana ta yi zafi mun yi nisa.

Yaya ya zo ya tsaya a bakin layin, bai tsallako ba.

"Haladu, ba ka jira taro ba."

"Ruwa bai jira ba, Yaya."

"Ka kashe mana fili."

"Ga naka nan. Iri ya rage, in kana so."

Na miƙa masa ƙwaryar. Ya dube ta, ya mayar da hannunsa baya.

Ranar taron a gona aka yi shi, don labari ya riga ya kai Tarauni. Tanko ya fara magana, kuma gaskiya ya faɗa. Ya ce rabin fili ba fili ba ne, Garba ya shuka nasa kamar kowa, a jira kaka kamar yadda aka saba. Na ga fuskoki da yawa sun saki. Sai Kofur ya fito. Ya zagaye ɓangaren yamma da ƙafa, yana taka ƙasa yana duba inda ruwa ke kwanciya. Da ya dawo ya tsaya gaban Yaya, ya tambaye shi ko wannan rabin nasa ne, kuma ko zai bar shi haka har kaka. Yaya ya ce nasa ne, zai bari. Kofur ya ce to ya ishe shi, ya horar da mutane a wurin da bai kai haka ba.

Ba a ɗaga hannu ba. Sale ne ya ce mutumin da aka ba rabi ya karɓa bai yi gunaguni ba, a gwada shi. Sauran suka yi ta gyaɗa kai. Tanko ya ciro usur daga wuyansa ya ba Kofur da kansa, ya ce masa ya ji tausayin yara. Kofur ya ce ba zai ji ba.

Haka aka yi damina. Dawata ta tashi ta zama bango a gabashin fili. Na kafa doka, ba mai shiga mini gona. In ƙwallo ta faɗa ciki a kira ni, in zo in na gama kunyar da nake nomewa. Wani gwaninsu ya taɓa gwada tsallakawa, na bi shi da fartanya har gindin tsamiya. Daga nan suka koyi riƙe ƙwallo a ƙasa, suna miƙa wa juna kusa-kusa, ba mai ɗaga ta sama. Kofur bai taɓa roƙona in sassauta ba. Ina jin dokar ta yi masa.

Ranar wasansu na farko a cikin gari ban je ba, Yaya ne ya ba ni labari, muryarsa ta dushe don ihu. Ya ce yaran sun rikita abokan wasansu da 'yar miƙa-miƙar nan, amma da sun kawo layin tsakiya sai su ja birki, kamar dawa ce a gabansu. Ya ce ya yi ta ihu yana cewa su wuce, Haladu ba ya nan. Aka lallasa su. Yana ba ni labarin yana dariya har da hawaye. Daga baya sun saba da babban fili, sun yi nasara a wasu wasannin, amma kofi bai taɓa zuwa Gyaɗi-Gyaɗi ba.

Da kaka na girbe rabin gona, bakunan da za su ci kuwa ba su ragu ba. A rumbu ɗaya na zuba, kamar kullum. Masu goyon baya ba su kawo komai ba, sai Sale da yakan aiko wa Inna ƙashin miya. Tun kafin bazara aka fara ganin gindin rumbu. Yaya bai ce da kowa komai ba, ya tafi dakon buhunan gyaɗa can wajen tashar jirgin ƙasa, inda ake jera su kamar duwatsu. A ƙasa yake zuwa, a ƙasa yake dawowa, kuma ba yaro ba ne a lokacin. Damina ɗayar da ya ce ta zama daminu. Duk shekara in shuka nawa, ya bar nasa, ya koma dako. Kafin Kofur ya samo musu wani fili, bayan Yaya ya riga ya lanƙwashe, bai ƙara miƙewa ba.

Ba zan ɓoye nasa ɓangaren ba. Wasu daga cikin yaran nan an gan su a gasar gari, kamfanoni suka ɗauke su aiki don su buga musu. Sun yi aure, sun gina gidaje, jikokinsu suna nan. Ɗaya daga cikinsu ne ya zo da likkafani ranar da Yaya ya rasu. Ban sani ba ko jikokin sun taɓa jin sunan Garba.

Gonar yanzu gidaje ne da shaguna. Inda azarar yamma take, 'yan adaidaita sahu ke juyawa. Na sha tsayawa ina neman inda na ja layin, ban gane wurin ba, har wani ya taɓa tambayata ko ɓata na yi.

Har ya koma ga Allah bai ce na yi daidai ba, ni ma ban ce ya yi daidai ba. Ba mu taɓa zama mun warware maganar ba, kuma ba mu taɓa raba tukunya ba. Abin da na riƙe nasa shi ne bai taɓa faɗin ra'ayi ya bar wani ya ɗauki nauyinsa shi kaɗai ba, ya sa bayansa a ƙarƙashi har ya lanƙwashe. Da za a mayar da mu waccan safiya, zan sake shuka rabina. Na san shi ma zai sake mayar da hannunsa baya. Kuma da kaka, a rumbu ɗaya zan zuba.

Allah ya ji ƙan Yaya Garba, ya miƙar masa da bayansa a can.