Katako na uku

Zamanin Faransa ni ne falanto, wato ɗan aike, a wani biro na gwamnati a Magarya. Lakwal, makarantar boko, wata huɗu kawai na yi, don haka baƙin boko duk ɗaya ne a idona.

A bango akwai allo mai ƙusoshi, an rataye 'yan katakai a jere, kowane da sunan garin da zai ba da mutane aikin hanya na tilas. Wata safiya komi, wato magatakardanmu, ya miƙo min sabon katako ya ce, "Cire na uku, ka sa wannan. Kada ka taɓa sauran."

Na ƙirga daga sama, ɗaya, biyu, uku, na cire, na rataya sabon. Ashe na can saman ba gari ba ne, kan magana ne kawai. Bande aka so cirewa, ni kuwa na cire Kwaya, garin surukaina.

Sai da kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, ya sa hannu a takardar da aka kwafa daga allon sannan komi ya lura. Ya kama kai. "Kai, ɗan'uwa, ƙirga uku ma ta gagare ka?" Na riga na fara cire hular aiki, don na san kora ce. Ya ce in mayar da ita, in ya tona ni, shi za a fara tambaya.

Haka Kwaya ta tsira daga aikin hanya. Surukina har ya rasu bai yarda kuskure ne ba. Kowace damina sai ya aiko min da ƙwan zabi kwando guda. Na gaji da musu, na riƙa ci.